Lokon Jirgin Ƙasa A Kan Tebur: Yadda Muka Gina Shi Muka Sa Masa Wuta A Ƙofar Dundaye

Mu tara ne a ƙungiyar kimiyya da fasaha ta makarantarmu, maza shida, mata uku, kuma babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa shiga jirgin ƙasa. Mutum biyu ne kawai suka taɓa ganin layin dogo da idonsu, shi ma ta tagar mota a Gusau. Wannan ba abin mamaki ba ne ga ɗan Sakkwato, domin dogo bai taɓa isowa garinmu ba. Duk da haka, da malaminmu na fasaha ya ce kowace ƙungiya ta kawo abin da ta ƙera da hannunta a baje kolin ƙarshen zango, sai muka ce mu loko za mu gina, wato rumfar da kawunan jirgi ke kwana a yi musu gyara.

Mako bakwai muke da shi. Kuɗinmu kuwa karo-karo ne daga kuɗin tara. Abin da ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne kakan ɗaya daga cikinmu, wani dattijo da ke zaune kusa da Ƙofar Dundaye, wanda ya yi aikin reluwe a Zariya tun yana saurayi, a zamanin da jiragen kwal ke aiki. Shi ya ba mu aron zaurensa, shi ne kuma ya zama alƙalin aikinmu. Ga yadda muka yi, da kurakuranmu duka, domin duk wanda ke son gwadawa ya fara daga inda muka tsaya.

Inda dogo ya tsaya

Kafin mu yanka kwali ko ɗaya, Malam ya sa mu binciko tarihin abin da za mu gina. Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, ta layin da aka shimfiɗo daga Baro, a bakin kogin Neja. Daga Zariya aka fitar da reshe ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Wani reshen ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930, layin Maiduguri kuma ya isa a 1964. Gyaɗa da auduga da fatu da shanu su ne manyan kayan da jirgi ke kwasa zuwa bakin teku, kwal ɗin da yake ci kuma daga Inugu ake haƙo shi. Kayan ƙasar Sakkwato sai an kai su Gusau, tafiyar kimanin kilomita 200, kafin su hau tarago.

Wani abu da ya ba mu dariya shi ne, ashe langa-langar da iyayenmu suka yi motar wasa da ita suna yara, ƙarfen ɗaure dilar kaya ne, irin dilolin da ake lodawa a jirgi. Ke nan yaran Hausa sun daɗe suna ƙere-ƙere da abin da fatauci ya yar. Motar kara da motar gwangwani duk dangin aikinmu ne. Bambancin kawai shi ne mu da ma'auni za mu yi namu.

A wasu ƙasashe gina ƙananan jirage da tashoshinsu sana'a ce da manya ke kashe wa kuɗi. A birnin Hambog na ƙasar Jamus akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. A cikinsa an gina garuruwa da duwatsu da filin jirgin sama, ƙananan jirage na kai da komo, kuma duk bayan minti 15 sai a yi dare a yi safiya, fitilun gidaje su kama su mutu. Mun kalli hotunansa a wayar Malam, muka yi shiru. Sai Malam ya ce mu daina kallon girmansa, mu kalli abu ɗaya: komai a wurin an yi shi da ma'auni guda.

Me ake yi a loko?

Ranar Asabar ta farko muka zauna a gaban Kaka da littafi da biro. Ya ce kan jirgin kwal kamar doki yake, ba a dawowa daga tafiya a ɗaure shi a tafi barci. Sai an kwashe tokar da ke ƙarƙashin murhunsa, an share bututun hayaƙi, an cika masa ruwa da kwal, an bi gaɓoɓinsa da mai. Tukunyarsa kuma ana wanke ta lokaci-lokaci, saboda dattin ruwa yana daskarewa a ciki. Idan jirgi zai tashi da asuba, tun cikin dare ake hura masa wuta, don ruwa ba ya zama tururi nan take. Shi ya sa loko ba ya barci, shi ya sa kuma fitila take da muhimmanci a cikinsa.

Ya lissafa mana abubuwan da in babu su, gini bai zama loko ba. Akwai rami a tsakanin ƙarafan dogo, inda bakanike ke shiga ya duba cikin jirgi daga ƙasa. Akwai mafitar hayaƙi a tsororuwar rufi. Akwai tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, da tsibin kwal, da teburin aiki, da maƙera. Sannan akwai yashi. Mun ɗauka wasa yake yi, sai ya bayyana mana cewa ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, in ruwa ko mai ya taɓa su sai ƙafa ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Don haka kan jirgi yana ɗauke da busasshen yashi da yake zubawa a gaban ƙafafunsa. Har jiragen dizal na yau suna yin haka.

Lissafi kafin almakashi

Masu wannan sana'a suna da ma'aunai sanannu. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, faɗin dogonsa kuma milimita 16.5 ne. A Ingila sun fi amfani da OO, mai ragi sau 76. Akwai kuma N, mai ragi sau 160. Mu ba mu da jirgin kanti da za mu daidaita da shi, saboda haka muka zaɓi ragi sau 50, domin lissafinsa ba ya ba da wahala: kowace mita ɗaya ta gaske, santimita 2 ce a kan teburinmu.

Daga nan komai ya fito. Lokon da muka zana mai tsawon mita 30 da faɗin mita 12 ya koma santimita 60 da santimita 24. Bangon mita 6 ya koma santimita 12. Ƙofofi biyu, kowace santimita 9 a tsaye, 8 a kwance. Mutum mai tsawon mita 1.7 ya koma santimita 3.4. Tsohon layin dogon Najeriya, irin na Gusau da Ƙaura, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. In aka raba da 50 ana samun milimita 21 da ɗan kai. Sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, faɗinsa milimita 1,435 ne, a wurinmu zai zama kusan milimita 29. Mun zaɓi tsohon, tunda shi Kaka ya sani.

Wata shawara da muka ji daɗinta: kafin komai, ku yanka ɗan mutum na kwali daidai da ma'auninku. Duk abin da kuka ƙera, ku tsayar da shi a gefensa. Teburin aikinmu na farko ya kai wa ɗan mutumin nan har wuya, nan take muka gane kuskure muka sake.

Gini

Mun samu katakon silin mai tsawon santimita 90 da faɗin 45, muka manna masa farin soson da ake tallafe firiji da shi a kwali, mai kaurin santimita 3. Amfanin soson shi ne ana iya haƙa ramin dubawa a cikinsa. Namu zurfinsa santimita 2 ne, daidai da mita ɗaya. A nan muka yi asarar farko: gam mai ƙarfin wari, irin na masu gyaran takalmi, yana narkar da soson. Farin gam na kafintoci shi ne ya dace.

Bango kwali ne ninki biyu, muka sa sillen kara a matsayin ginshiƙai da tankar rufi. Tagogi kuwa farar robar kwalin sabuwar riga ce, muka ja mata layuka da baƙin biro. Dogo sifok ɗin keke ne. Katakan da ke ƙarƙashinsa tsinken ashana ne da aka cire wa kai, domin tsawonsa ya yi kusa da santimita 4, wato mita 2. Tsakuwar layi kuma yashi ne mai gari-gari da muka tankaɗe da rariya. Bayan mun baza shi, muka haɗa farin gam da ruwa daidai wa daida, muka ɗiga ɗan ruwan sabulu don ya ratsa, muka bi shi da ɗigo-ɗigo. Washegari ya daskare kamar siminti.

Rufi ne ya ba mu wuya. Da farko mun ɓare bayan kwali don tudu da kwarin cikinsa su fito kamar kwano. Daga nesa ya yi kyau, amma da muka tsayar da ɗan mutuminmu sai muka ga kowane kwari zai iya ɗaukar ƙafarsa. Kwarin kwanon gaske bai wuce santimita 8 ba, ke nan a wurinmu bai kamata ya kai milimita 2 ba. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ce ta kawo dabara: a yanka gwangwanin lemo a miƙar da shi, a ɗora a kan matajin kai mai ƙananan haƙora, a bi kowane tsakani da bakin biron da ya ƙare. Aiki ne na haƙuri, kwana huɗu muka yi a kansa. A kula, bakin gwangwani yana yanka hannu kamar reza. Rufin kuma ba mu manne shi ba, mun bar shi ana ɗagawa, kuma daga baya mun gode wa Allah da muka yi haka.

Ƙananan kayan da ke sa gini ya yi rai

Bayan mako uku ginin ya tsaya. Muka kira Kaka da murna. Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

"Wanga ɗakin amarya na, ba loko ba," in ji shi. "Ina baƙin hayaƙi? Ina mai? Ku ja'irai, wa ya gaya muku ana aiki wuri shi zauna fes?"

Jikansa ya ce, "To Kaka, ai sabo ne."

"Ko sabo na, kwana bakwai ya ishe shi."

Daga ranar muka koyi tsufar da abu. Mun daka gawayi ya yi laushi, muka shafa shi da busasshen burushi a saman ƙofofi da bakin mafitar hayaƙi, inda hayaƙi ke bi. Jar ƙasa da ɗan ruwa ta zama tsatsa a gindin kwano da jikin tanki. Baƙin fenti da aka tsinka da ruwa ya zama ɗigon mai a tsakanin dogo. Toka ta zauna a gefen rami. Ƙa'idar ita ce a sa kaɗan, a ja da baya a duba, sannan a ƙara. Datti yana da dalili: hayaƙi sama yake yi, ruwa da tsatsa ƙasa suke gangarowa, mai kuma inda jirgi ke tsayawa yake taruwa.

Sai kayan ciki. Durom mai cin lita 200 tsawonsa kusan santimita 88 ne, ke nan namu bai kai santimita 2 ba, muka yanko shi daga jikin tsohuwar alƙalamin maka. Tankin ruwa ƙaramin gwangwanin tumatir ne a kan ƙafafun kara. Kwal gawayi ne da aka farfasa. Tsani tsinken tsintsiya ne. Teburin aiki totuwar kara ce da kwali, sifana da guduma kuma siririyar waya ce da aka lanƙwasa aka daddaƙe bakinta. Mun rataya sarƙar tsohuwar abin wuya a tankar rufi a madadin sarƙar ɗaga kaya. Ma'aikata shida muka yi da waya da takarda, kuma Kaka ya hana mu jera su kamar masu ɗaukar hoto. Ya ce kowa a ba shi aiki: ɗaya a rami, biyu a teburi, ɗaya a kan tsani, ɗaya yana tura baro, ɗaya kuma yana alwala a bakin famfo. Kan jirgin kansa da gwangwanin maganin sauro da ya ƙare muka so yi, Malam ya hana, ya ce irin wannan gwangwani ba a huda shi ko an ga kamar babu komai a ciki. Sai muka yi amfani da bututun kwali da marafan kwalba.

Ranar da muka ƙona ƙwai huɗu

Fitilun da muka yi amfani da su ƙananan ƙwayayen LED ne, irin na cikin tocila. Wasu mun ciro daga matattun fitilun caji, wasu mun saya wurin mai gyaran rediyo. Sun dace da ginin kwali domin ba sa zafi kamar ƙwan fitila mai zare, kuma ba sa cin batir. Jan LED ya samu tun 1962, amma fari bai yiwu ba sai da aka gano shuɗi, aikin da ya sa aka ba masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kyautar Nobel a 2014.

Mu dai ba mu tsaya tambaya ba. Muka ɗauko batir mai bolt 9 muka taɓa ƙafafun ƙwai a kai. Ya yi wal sau ɗaya, ya mutu. Muka ce lalatacce ne, muka gwada wani. Sai da muka kashe huɗu, kuɗin tarar mutum biyu, sannan muka je wurin Malam da guntun wari a hannu.

Bai yi faɗa ba, allo ya nufa. Ya ce LED ba ya iya taƙaita wutar da ke ratsa shi. Da zarar ƙarfin batir ya wuce abin da yake buƙata, wuta sai ta kwararo ta ƙone shi. Farin ƙwai yana buƙatar kimanin bolt 3, ja ko rawaya kimanin bolt 2, kuma irin waɗannan ƙanana ba a so wutar da ke bi ta cikinsu ta wuce miliamfiya 20. Maganin abin shi ne rizisto, ɗan ƙaramin abu mai zobba masu launi, wanda ke rage kwararar wuta kamar yadda ake matse bakin tiyo.

Lissafin dokar Ohm ce da muka yi a aji muka manta. A ɗebe abin da ƙwai ke buƙata daga ƙarfin batir, a raba abin da ya rage da yawan wutar da ake so. Misali, da bolt 5 da farin ƙwai, 5 a ɗebe 3 saura 2. In ana son miliamfiya 10, wato amfiya 0.01, sai a raba 2 da 0.01, a samu om 200. Wanda ake samu a kasuwa kusa da haka shi ne mai om 220. Ana gane su da launin zobbansu uku na farko:

Om 220: ja, ja, ruwan ƙasa.
Om 330: ruwan lemo, ruwan lemo, ruwan ƙasa.
Om 470: rawaya, shunayya, ruwan ƙasa.
Om 1,000: ruwan ƙasa, baƙi, ja.

Abu na biyu, LED hanya ɗaya yake karɓar wuta. Doguwar ƙafarsa ita ke zuwa ɓangaren batir mai alamar tarawa, gajeriyar kuma ɓangaren mai alamar ɗebewa. In aka juya shi ba zai kama ba. Abu na uku, kowane ƙwai a ba shi nasa rizisto. In aka haɗa ja da fari a kan rizisto guda, jan zai janye wutar ya bar farin a mace.

Yadda muka ja waya

Mun feɗe wayar tagulla guda biyu muka miƙa su a jikin tankar rufi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da tazarar santimita 2 a tsakaninsu don kada su taɓa juna. Ɗaya ta tarawa, ɗaya ta ɗebewa. Kowane ƙwai da rizistonsa ya haye tsakanin wayoyin biyu kamar matakalar tsani. Amfanin wannan tsari shi ne in ƙwai ɗaya ya mutu, sauran suna nan da ransu. Mai gyaran rediyon da muka sayi kaya wurinsa ya koya mana liƙi da dalma, ya tsaya a kanmu har muka iya. Wayoyin da suka sauko daga rufi mun zura su cikin tsinken shan lemo da muka yi wa fenti ya zama bututun ruwan sama, suka ɓace a ƙarƙashin katako, inda makunni yake.

Daren gwaji na farko mun sa wa duka ƙwayayen rizisto mai om 220. Muka rufe ƙofar zaure muka kunna. Haske ya tashi fari fat, har da shuɗi-shuɗi, bangon kwali kansa yana ƙyalli kamar fitilar takarda, haske na tsiyaya ta kowace kusurwa.

Kaka ya kare idonsa da hannu. "Mi kunka yi haka? Wanga shagon saida waya na. Fitilar loko ja-ja ta, rabin wurin duhu na. In kana son ganin ƙasan jirgi sai ka jawo fitilar hannu."

Gyara huɗu muka yi. Na farko, muka ɗaga rufi muka shafe cikin bango da baƙin fenti, ya bushe, sannan muka bi da fari mai ɗan datti. Baƙin yana tare haske, farin yana mayar da shi ciki. Kusurwoyi kuma muka liƙe su da baƙar takarda. Na biyu, muka canja rizisto: shida na rufi da ɗaya na bakin ƙofa suka koma om 470, biyu na cikin rami suka koma om 1,000. Ƙwai ɗaya ja mai om 330 muka ɓoye a maƙera ƙarƙashin gutsattsarin gawayi, ya zama garwashi. Na uku, muka goge kan kowane farin ƙwai da samfefa, domin kansa mai santsi yana tattara haske wuri ɗaya kamar tocila, in an goge shi sai hasken ya bazu. Muka kuma shafa masa rawayar maka. Na huɗu, muka yi wa kowanne 'yar malfa da kwanson ƙwayar magani da aka yi wa fenti, don haske ya sauka ƙasa ya bar rufi cikin duhu.

Da muka tara lissafi, ƙwayayen goma gaba ɗaya wutar da suke ja ba ta kai miliamfiya 50 ba. Wannan ƙanƙantar ta jawo mana wata matsala. Abin ajiye cajin waya da muka fara amfani da shi yana kashe kansa bayan ɗan lokaci, domin yana ɗauka ba a jona masa komai ba. Sai muka koma ga manyan baturan tocila uku a jere, kowane bolt 1.5, jimla 4.5. Hasken ya ɗan ragu, abin da ma muke so ke nan.

Gargaɗi, kuma ba na wasa ba: kada wanda ya kusanci wutar soket da wannan aiki. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa. Kada a fasa batirin waya ko a huda shi, yana kamawa da wuta. Fitilar caji in za a buɗe ta, a tabbata ba a jone take ba, kuma babba yana wurin. Ƙarfen liƙin dalma yana ƙuna, hayaƙinsa ba a shaƙa, kuma a wanke hannu bayan an taɓa dalma.

Yadda muka kawo dare da rana tsaka

Saura kwana uku baje koli muka fitar da lokon tsakar gida don mu ɗauki hoto. Muka kunna, ba mu ga komai ba. Ranar Sakkwato ta haɗiye hasken gaba ɗaya. Baje kolin kuma da hantsi za a yi shi, a ƙarƙashin rumfa. Aikin mako uku na wuta yana neman tashi a banza.

Wasu suka ce a mayar da rizisto na farko don haske ya ƙaru. Muka gwada a ƙwai ɗaya, bai canja komai ba. Can sai ƙaraminmu, ɗan aji ɗaya, ya tuna da gidan nan na Jamus, ya ce tunda su suna yin dare da kansu, mu ma mu yi. Muka roƙi kwalin firiji a wani shago, muka shafe cikinsa da baƙi, muka kifa shi a kan lokon, muka yanka 'yar taga mai faɗin tafin hannu daidai saitin ƙofofi, a tsayin idon ɗan mutuminmu. Wanda ya leƙa sai ya ga kamar yana tsaye a bakin loko da tsakar dare.

Ranar baje koli layi ya yi tsawo a gaban teburinmu, kowa na jiran ya sa ido a tagar. Ba mu muka zo na ɗaya ba. Wata ƙungiya da ta ƙera na'urar busar da tumatir da hasken rana ita ta ci, kuma ta cancanta. Mu muka zo na uku. Amma jikan Kaka ya ɗauko shi a Keke Napep, muka ba shi kujera ya zauna ya leƙa. Ya daɗe ƙwarai, har na bayansa suka fara ƙorafi. Da ya ɗago sai ya ce wancan na cikin rami an ba shi fitila, amma ba a ba shi wanda zai miƙo masa sifana ba, kuma ba a barin mutum shi kaɗai a ƙarƙashin jirgi. Daren nan muka ƙera ma'aikaci na bakwai.

Ga masu son gwadawa

Ba sai loko ba. Tashar mota, ko rumfar kasuwa, ko shagon mai walda na unguwarku, duk hanyar ɗaya ce. Ku zaɓi ma'auni ku tsaya a kansa. Ku nemi wanda ya san wurin ya faɗa muku abin da ido ba ya gani a hoto. Ku gwada kowane ƙwai da rizistonsa kafin ku manna shi. Ku bar rufi yana ɗaguwa. Ku kuma rubuta duk abin da kuka kashe da duk abin da ya lalace, domin alƙalan baje koli sun fi yi mana tambaya a kan ƙwai huɗun da muka ƙona fiye da goman da suka kama.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A Zariya akwai cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa, a Daura kuma an kafa jami'ar sufuri. Jirage suna buƙatar masu duba su da masu ja musu waya, kuma biyu daga cikinmu sun riga sun fara tambayar Malam darussan da ake nema. Lokon yana nan a ɗakin fasaha na makarantarmu. Zango mai zuwa muna so mu sa wa kan jirgin injin tsohuwar motar wasa, mu ga ko zai iya fita daga rumfar da ƙafarsa. Kaka ya ce in ya motsa, shi zai hura usur.